Aikin Lamin Sanneh a Ma'aunin Ƙasar Hausa

Wata ranar Asabar da la'asar ina koyar da masu shirin baftisma a rumfar majami'armu, muka iso wurin da Ubangiji Yesu ya kira almajiransa na fari a bakin tekun Galili. Sai wani saurayi, wanda bai fi wata uku da soma zuwa wurinmu ba, ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, su ma bara suke yi?" Aji duka ya fashe da dariya. Ni dai ban yi dariya ba, gama yaron bai yi wauta ba. Almajirin da ya sani tun tasowarsa shi ne yaro mai allo da ƙoƙo, wanda iyayensa suka danƙa wa malam domin karatu. Ga shi kuwa ya buɗe Littafi Mai Tsarki ya iske ana kiran Bitrus da Andarawas da wannan suna. Da aka tashi ya biyo ni har ƙofar gida da tambaya ta biyu, wadda ta fi ta farin nauyi. Ya ce, in hanyarmu dabam ce, don me kalmomin da muke sujada da su suka yi kama da na masallaci haka?

Tambayar nan na sha yi wa kaina ita. Mutumin da ya fi taimakona wajen neman amsarta kuwa ban taɓa ganinsa ba, shi ne Shehun Malami Lamin Sanneh, masanin tarihin Musulunci da na Kirista a Afirka, wanda ya rasu a 2019. Ni ba mai zurfin karatu ba ne. Iyakata firamare ta mishan, Ingilishi kuwa sai da ɗan jagora. Na san littattafansa ta wurin kwas ɗin da akan tara mu masu aikin katikis, inda wani malaminmu ya riƙa karanta mana su yana juyawa da Hausa, mu kuma muna rubutawa muna gardama har dare. Saboda haka ba zan auna shi da ma'aunin jami'a ba. Zan auna shi da abin da na sani, watau harshenmu da zamanmu da maƙwabtanmu Musulmi, tun da Hausawa sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ga abin da na gani. Sanneh ya ɗauke idon masana daga kan sarakuna da mayaƙa da Turawa, ya sa shi a kan ƙananan malamai, watau malamin allo da tafinta da katikis, ya ce su ne suka ɗauki addinan nan biyu suka ratsa Afirka da su. A nan ya yi daidai, muna kuwa da bashinsa a wuyanmu. Amma layin da ya ja tsakanin addinan biyu a kan batun fassara, da ya iso ƙasar Hausa sai ya karkace.

Wane ne shi

An haifi Lamin Sanneh a 1942 a garin Georgetown, wanda yanzu ake kira Janjanbure, a kan wani tsibiri cikin kogin Gambiya. Sunansa shi ne wanda mu muke cewa Laminu. Gidansu tsohon gidan sarautar Mandinka ne, Musulmi ne kuma, ya yi karatun allo kamar sauran yaran gidan. Yana saurayi ya ba da gaskiya ga Almasihu, bayan da labarin Annabi Isa da ya tarar cikin Alƙur'ani ya ta da masa tambayoyi game da gicciye. A cikin tarihin rayuwarsa da ya wallafa a 2012 ya faɗi yadda ikilisiyoyin da ya fara ƙwanƙwasa wa ƙofa suka yi ta jan ƙafa, wannan ya tura shi wurin wancan, kafin a yarda a yi masa baftisma. Mu da muke karɓar masu neman baftisma, labarin nan ya kamata ya sa mu binciki kanmu. 'Yan Metodis ne suka yi masa baftisma, daga baya ya shiga Katolika.

Ya yi karatu a Amurka, da Birmingham a Ingila, da Bairut inda ya ƙara zurfi a Larabci, sa'an nan ya sami digirin dakta a Jami'ar Landan a 1974. Ya taɓa aiki a Ibadan cikin shirin da ikilisiyoyi suka kafa domin fahimtar Musulunci a Afirka. Ya koyar a Jami'ar Ghana a Legon, da Aberdeen, da Harvard daga 1981, da Yale daga 1989 har ranar da ya rasu, 6 ga Janairu 2019. Abin lura a rayuwarsa shi ne, barin Musulunci bai mai da shi mai zagin gidan da ya fito ba. Littafinsa na fari a kan malaman Musulunci ya rubuta shi, da ladabi kuwa.

Malaman da ba su ɗauki takobi ba

Kafin zamaninsa, yawancin Turawan da suka rubuta tarihin Musulunci a Afirka ta Yamma abu biyu suke gani. Ko dai su ce Musuluncin baƙar fata gauraye ne da tsafi, kamar yadda masu mulkin Faransa suka riƙa faɗa, ko kuwa su jera yaƙe-yaƙen jihadi: Futa Jalo, Futa Toro, Sakkwato a 1804, Masina a 1818, da Alhaji Umaru Tal a tsakiyar ƙarni na 19. Har Spencer Trimingham, ɗan mishan ɗin da ya fito da manyan littattafai a kan batun nan a 1959 da 1962, ya fi mai da hankali ga yadda addinin ya cuɗanya da al'adun gargajiya. Mu ma a ikilisiya mun gaji rabin maganar nan. Sau nawa muka ji mai wa'azi ya ce da takobi Musulunci ya shigo, ya tsaya nan?

Sanneh ya bi wata hanya. Littafinsa na 1979 a kan Jahanke yake, wata zuriyar malamai da ke warwatse a Mali da Senegal da Gambiya da Gini. Ya zauna da su, ya ji tarihinsu daga bakinsu, ya karanta takardunsu na Larabci. Suna danganta kansu da Alhaji Salimu Suware, babban malamin da masana suka yi saɓani a kan zamaninsa. Sanneh ya kai shi can baya wajen ƙarni na 13, Ivor Wilks kuwa, masanin tarihin Ghana, ya sa shi a ƙarshen ƙarni na 15. Amma a kan koyarwarsa bakinsu ya zo kusan ɗaya. Malami ya nisanci yaƙi da sarauta. Musulmi yana iya zama a ƙarƙashin sarkin da ba Musulmi ba muddin an bar shi ya yi ibadarsa. Shiriyar wanda bai musulunta ba tana hannun Allah, yana kuwa da lokacinta, aikin Musulmi shi ne ya riƙe karatu, ya zama abin koyi. Rayuwar Jahanke a kan duwatsun murhu uku take: karatu, da noma, da tafiya. Sukan kafa garinsu nesa kaɗan da fada, kamar Tuba a ƙasar Gini da aka kafa a farkon ƙarni na 19, ɗalibai suna noma da safe suna karatu da dare a bakin wuta. Littattafan da masu bin tafarkin Suware suka fi riƙewa su ne waɗanda malamanmu na zaure suka sani sarai: Jalalaini, da Muwaɗɗa ta Imamu Malik, da Ashafa.

Labarin nan ya taɓa mu. Tarihin Kano ya ce a zamanin Sarki Yaji, cikin ƙarni na 14, Wangarawa suka zo daga Mali da shugabansu Abdurrahman Zaite, suka koya wa sarki salla, aka naɗa liman da ladan, aka gina masallaci. Sanneh ya danganta shugaban nan da zuriyar malaman Jahanke. Da littattafai suka iso, ba da runduna ba, shekara ɗari huɗu da ɗoriya kafin jihadin Shehu. A 2016 Sanneh ya koma kan batun da littafi mai suna Beyond Jihad, watau abin da ke gaba da jihadi, inda ya ce tafarkin lumana na malamai shi ne babbar hanyar da Musulunci ya bi ya kafu a Afirka ta Yamma, yaƙe-yaƙen kuwa daga baya suka zo, ba su kuma daɗe kamarsa ba.

Saƙon da ya yarda a juya shi

Littafin da ya fi ɗaukaka sunansa shi ne Translating the Message, watau juya saƙon, wanda ya fito a 1989. A lokacin masana da yawa sun gama yanke hukunci cewa mishan ba kome ba ne sai ɗan aiken mulkin mallaka, mai rushe al'adun mutane. Sanneh ya ce a dakata, a dubi abin da ya faru a teburin fassara. Ya ce addini yana iya yaɗuwa ta hanya biyu. Ta fari, ya zo da harshensa da al'adun garin da ya fito, wanda ya karɓe shi ya koye su. Ta biyu, ya shiga harshen mutanen da ya tarar, ya zauna a ciki. Bangaskiyar Kirista, in ji shi, tun daga tushenta ta biyun ta bi. Ubangiji Yesu da Aramiyanci ya yi magana, amma da Helenanci aka rubuta Bishara. A ranar Fentikos kowa da harshen garinsu ya ji. A taron Urushalima kuma manzanni suka yarda al'ummai su shigo ba tare da sun zama Yahudawa ba.

Saboda haka ɗan mishan, kome girman kansa, da ya tashi juya Littafi dole ya zauna a gaban mutanen ƙasa ya zama ɗalibi. Dole ya tambaye su sunan da suke kiran Mahalicci, Yarabawa su ce Olorun, mutanen Akan su ce Onyame, shi kuwa ya rubuta sunan nan cikin Littafi. Daga ranar nan linzami ya fara fita daga hannunsa, gama mai harshe ya fi shi sanin abin da kalmar take ɗauke da shi. Ƙamus da nahawu da makarantun da suka biyo baya suka sa mutane suka daraja harshensu, har waɗansu daga cikin 'ya'yan makarantun nan suka tashi neman 'yancin ƙasarsu. Game da Musulunci kuwa ya ce akasin haka ne: Alƙur'ani da Larabci ya sauka, da Larabci ake salla ko'ina a duniya, fassara ba ta hawa matsayin Littafin.

Ran da aka karanta mana wannan, na ji kamar an ɗaga mini kai. Ashe katikis da tafinta ba 'yan rakiya ba ne a tarihin ikilisiya. Tarihin Littafinmu na Hausa ma shaida ne. James Frederick Schön, Bajamushen da ya bi ayarin kogin Kwara na 1841 tare da Samuel Ajayi Crowther, shi ne sunansa yake kan juyin farko na Sabon Alkawari da aka gama a 1880. Amma Hausar da ya dogara da ita, da yawanta daga bakin Dorugu ta fito, yaro ɗan ƙasar Damagaram daga wajen Kance, wanda aka kama bauta yana ƙarami, aka 'yanta shi, ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855. Haka kuma cikakken Littafi Mai Tsarki na 1932, wanda akan ambaci Likita Walter Miller na Zariya a kansa, ba zai yiwu ba sai da Hausawan da suka zauna da masu juyin suna gyara musu magana.

Inda sawunsa ya kai

Yabon gwani ya zama dole. Tun daga 1989 da wuya a rubuta tarihin mishan a Afirka ba a tanka wa Sanneh ba, ko a yarda da shi ko a yi masa gardama. Shi da abokinsa Andrew Walls suka kafa taron masana na shekara-shekara tsakanin Yale da Edinburgh a 1992, suna cikin waɗanda suka sa jami'o'i suka soma koyar da tarihin Kirista a matsayin na duniya duka, maimakon na Turai da 'yan rassanta. A Ghana, Kwame Bediako, wanda ya rasu a 2008, ya gina koyarwarsa a Akropong a kan cewa a yi tauhidi da harshen uwa, yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da wannan ra'ayi. Ƙungiyoyin juya Littafi Mai Tsarki sun sami hujja mai ƙarfi daga wurinsa. A gefen tarihin Musulunci kuma, aikinsa da na Wilks sun sa sunan Suware ya shiga bakin masu bincike, har ya zama ba a iya ba da labarin Musuluncin Afirka ta Yamma da jihadi kaɗai.

Paparoma Yohanna Bulus na Biyu ya sa shi cikin kwamitin masana tarihi na Vatikan, Paparoma Benedict na 16 kuma ya sa shi cikin hukumar hulɗa da Musulmi. Senegal, ƙasar da yawancin mutanenta Musulmi ne, ta ba shi lambar girma ta ƙasa. A 2020 aka buɗe cibiyar bincike mai sunansa a Jami'ar Ghana, domin malaman Kirista da na Musulmi su yi nazari tare, John Azumah ne ya fara shugabantarta, shi ma ɗan arewacin Ghana ne da ya tashi a gidan Musulmi.

Inda ma'aunin ya karkace

Amma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ina da magana huɗu.

Ta fari, a kan lumana. Mu mutanen Maraɗi da Tsibiri ba za mu iya ɗaukar jihadi ƙaramin abu ba, gama garuruwan nan 'ya'yansa ne. Katsinawan da aka kora ne suka kafa mulkinsu a Maraɗi wajen 1819, Gobirawa kuma suka kafa Tsibiri wajen 1836, bayan Alkalawa ta faɗi a 1808. 'Yan'uwanmu da yawa da ke sujada da Hausa a ƙasashen duwatsu na Nijeriya suna riƙe da labarin kakanninsu da suka hau tsauni suna gudun masu kamun bayi. Su Jahanke ɗin ma, waɗanda suka ƙi yaƙi, gonakinsu bayi ne suke noma da yawansu, Sanneh da kansa ya rubuta haka bai ɓoye ba. Duk da haka tarihinmu ya ba shi gaskiya ta wani gefe. Sarakunan da aka yaƙa a 1804 masu salla ne, Musulunci ya riga ya daɗe a birnensu. A kan haka ne Shehu Laminu na Borno ya yi ta musayar wasiƙu da Muhammadu Bello yana tambayar hujjar yaƙar masu salla. Abdullahi ɗan Fodiyo ma, ƙanen Shehu, ya taɓa barin rundunar don baƙin cikin ganin yadda neman duniya ya shige ta. To, sai mu riƙe biyun: da allo addinin ya shigo, amma takobi ya sāke fasalin ƙasar. Littafin 2016 ya fi nauyi a hannu ɗaya.

Ta biyu, a kan fassara. Sanneh ya girmama malamin Musulunci a littafinsa na fari, amma a na 1989 ina ganin ya rage masa mudu, gama malamin nan shi ma tafinta ne. Duk wanda ya taɓa wucewa ta zauren malam da asuba ya ji yadda ake yi: ɗalibi ya karanta gaɓar Larabci daga Ahalari ko Iziyya ko Risala, malam ya mayar masa da Hausa, kalma bayan kalma. Da azumi mai jan baƙi ya ja aya, malam ya fassara wa jama'a. Shehu Usmanu, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Gobir a 1754, da Hausa da Fulatanci ya yi wa talakawa wa'azi. 'Yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙin koyarwa da harsunan nan, jajis suna kai wa matan ƙauye ta hanyar 'yan taru. Da ajami aka rubuta su, tun ba a san boko ba. Fassarar Alƙur'ani ta Shaihu Abubakar Gumi kuma ta riga littafin Sanneh fitowa. Masu binciken da suka biyo baya, kamar Fallou Ngom ɗan Senegal da littafinsa na 2016 a kan ajami, sun nuna yawan wannan taska. Gaskiya ne Sanneh bai ce babu waɗannan ba, cewa ya yi ba su kai matsayin Littafin ba. Nan kam yana da hujja, gama har yau ba a salla da Hausa, Gumi ma fassarar ma'anoni ya kira aikinsa. Amma bangaskiyar mutum ba a cikin salla kaɗai take zaune ba. Tsohuwar da ta san lahira da hisabi da haƙƙin maƙwabci, da Hausa ta san su.

Ta uku ita ce amsar saurayin nan. Sanneh ya ce masu juyi sun tarar da sunan Allah na gargajiya suka ɗauka. A ƙasar Hausa kuwa sunan da suka tarar shi ne Allah, malamai ne kuma suka kawo shi. A duba kalmomin da muke sujada da su: annabi, mala'ika, addu'a, sujada, zunubi, tuba, gafara, hadaya, alheri, Ruhu, Zabura, Attaura, bishara, har littafi da almajiri. Dukansu daga Larabci suke, sun shiga Hausa ta bakin malaman zaure da fatake shekaru ɗaruruwa kafin Schön. Masu juyin sun yi zaɓe, ba su kwashe duka ba. Sun ce bangaskiya inda Musulmi zai ce imani, sun ce Yesu inda zai ce Isa, sun aro firist da baftisma da ikilisiya daga waje, sun kuma riƙe kalmomin Hausa na asali kamar Ubangiji da ceto da ƙauna da tsarki. Amma ko tsakanin juyi da juyi ana ganin jan da harshen yake yi: tsohon juyi na 1932 Kristi yake cewa, sabon da ya fito wajen 1980 ya ce Almasihu. Watau gonar da aka shuka Bishara a cikinta a nan, waɗansu ne suka riga suka yi mata sassabe. Wannan bai rushe maganar Sanneh ba, gama Bishara ta shiga harshen da ta tarar kamar yadda ya faɗa. Sai dai harshen da ta tarar ya riga ya sha Musulunci, abin da kuwa ya nuna Musulunci ya iya shiga harshen mutane fiye da yadda littafin ya yarda.

Ta huɗu ta fi zafi, domin mu ta shafa. Sanneh ya yi murna da cewa juyin Littafi ya ta da harsunan uwa. Amma masu sujada da Hausa da yawa ba Hausa suka sha a nono ba. A Filato da kudancin Kaduna da Bauci da Adamawa, 'yan mishan sun ga ya fi sauƙi su yi aiki da harshe ɗaya da ake ji a kasuwa, sai Littafin 1932 da littafin waƙoƙi na Hausa suka shiga majami'un Birom da Angas da sauran kabilu masu yawa. Ya haɗa kan masu bi, wannan alheri ne babba. Amma ya kuma sa jikoki suna addu'a da harshen da kakarsu ba ta ji sosai, nasu harshen kuwa yana ja da baya. Fulatanci ya yi irin wannan aiki a arewacin Kamaru. Ashe juyi ma yana iya zama irin yaɗuwar nan ta fari da Sanneh ya bambanta shi da ita, in harshen da aka juya a ciki ya fi na maƙwabtansa ƙarfi. Mu da Hausa take harshenmu na gida, kada mu yi wa waɗansu abin da muke zargin Turawa da shi.

Abin da ya rage mana

A ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015 aka ƙone majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai, mutum goma suka rasa rayukansu. Bayan haka na ji waɗansu 'yan'uwa suna cewa ai dama halin addinin ke nan tun asali. Na kuma ji daga bakin waɗansu cewa maƙwabtansu Musulmi ne suka buɗe musu ƙofa suka ɓoye su har ƙura ta lafa. Wanda bai san tarihi ba zai ce masu ɓoyewar nan sun saɓa wa addininsu ne don tausayi. Wanda ya ji labarin Suware da Wangarawa ya san suna da kakanni a cikin addinin nasu, tafarkinsu kuwa ya girmi na masu ƙonawa. Wannan sani shi ne babban abin da Sanneh ya bar wa ikilisiyar da ke zaune a tsakiyar Musulmi. Ba ya hana mu faɗin abin da aka yi mana, ba ya kuma sa mu sassauta shaidarmu game da gicciye da tashin Almasihu, inda muka rabu da su a fili. Yana dai hana mu yi wa maƙwabci shaidar zur.

Saurayin nan kuwa, ga abin da na gaya masa a ƙofar gida. Na ce kalmar almajiri daga Larabci take, asalinta mai ƙaura, wanda ya bar gida ya bi malami domin abin da ya fi gida. Bitrus ya bar tarunsa da jirginsa ya bi Malaminsa, saboda haka sunan ya dace da shi. Na ce kalmomin nan ba satarsu muka yi ba, ba kuwa aro ba ne da za a zo a karɓe, harshenmu ne mu da su, zama wuri ɗaya ya gadar mana. Aikinmu shi ne mu san abin da kowace kalma take nufi a bakin maƙwabci, mu kuma iya faɗa masa abin da take nufi a bakinmu, gama gafara da hadaya da Ruhu ba ma'ana ɗaya muke ba su ba.

Ina roƙon shugabannin makarantunmu na Littafi Mai Tsarki su sa a taƙaita littattafan nan biyu, na Jahanke da na juyi, a fito da su da Hausa domin masu aikin katikis da masu bishara na ƙauye. Mutumin da ya ba da ransa ga nuna darajar harshen uwa, bai kamata a ce sai mai jin Ingilishi ne kaɗai zai karanta shi ba. In an yi haka, na tabbata za a sami waɗanda za su ga yoyon da ni ban gani ba. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, ya kuma ba mu bakin shaida mai gaskiya da ladabi. Amin.